Taƙaitawa: yadda halittu ke gane sama da ƙasa

Ga abin da aka tattauna:

1. An yarda cewa a can cikin kunnenmu akwai 'yan ƙananan duwatsu. Da ka karkatar da kai sai su zame, ƙwaƙwalwa ta gane. Kifi ma yana da su.

2. Shawarar da aka fi nanatawa, kuma ina goyon bayanta: wanda jiri ke ɗiba in ya juya a gado ya ga likita, wataƙila duwatsun ne suka bar mazauninsu.

3. A bakin saiwa akwai ƙwayoyin sitaci masu nutsewa ƙasa. Da su saiwa ke gane ƙasa. Ko yaya iri ya kwanta, saiwa ta yi ƙasa, tsiro ya yi sama.

An rabu kan abin da ke sa karan tsiro ya yi sama: wasu sun ce haske ke jansa, wasu suka ce ko cikin duhu yana miƙewa.