Me za mu kira cryptic crossword da Hausa?

Jama'a, ina neman sunan Hausa ga wasan nan na jaridun Ingila da ake ce wa cryptic crossword. Zane ne mai gidaje farare da baƙaƙe, ana cika shi da kalmomi, wasu a kwance, wasu a tsaye, suna ratsa juna, kowace kalma da tambayar da ake warwarewa a same ta. Crossword na gama-gari na farko ya fito a jaridar New York World ta Amurka a 1913, daga hannun Arthur Wynne. Mai ɓoyayyar ma'anar kuwa, wato cryptic, a Ingila ya girma, tun da Edward Powys Mathers ya fara tsara shi wa jaridar Observer a 1926.

Wani ya ce mu kira shi wasa ƙwaƙwalwa. Sunan ya yi faɗi, har dara da sudoku za su shige ciki. Wata 'yar'uwa ta kawo zaurance, na kuma daɗe ina juya shi a rai don ya yi mini daɗi. Sai dai zaurance mabuɗinsa ɗaya ne, in ka gane gaɓar da ake cusawa, magana ta buɗe gaba ɗaya. A nan kowace tambaya da nata ƙullin.

Ga wadda na ƙaga da Hausa: "Gari ya hargitse, ga abin sawa (4)." Kana karantawa ka ga kasuwa ta watse, mutane na gudu. Ai ba tarzoma a ciki. "Ya hargitse" umarni ne: birkita haruffan "gari", ka sami riga. "Abin sawa" shi ne ma'anar kai tsaye, 4 kuma yawan haruffa. Jimlar ta nuna maka gabas, amsa tana yamma, kamar yadda kulun kulufit ba ya kama da gauta sai an faɗa.

Shi ya sa na tsaya a kan kacici-kacici. Na gama-garin a ce masa gicciyen kalmomi, wannan kuma kacici-kacicin gicciye. Ya ɗan yi tsawo, amma duk Bahaushen da ya ji ya san akwai tarko.

Abin da ya rage mana shi ne "sh" da "ts": gida ɗaya za su ci ko biyu? Ni ina ganin ɗaya, tunda sauti ɗaya ne.

Ga wata ku gwada: "Birnin Zazzau mai riƙe wando (6)." Wanda ya kasa, ya ba ni gari.