Baba ya ce ƙaho ya ishe shi, zai ajiye ƙwayar hawan jini

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, ya ba shekara 60 baya. Tun muna yara, duk kaka in an kai dammunan gero rumbu, sai ya aika a kira wanzamin gidanmu ya kafa masa ƙaho huɗu a gadon baya, biyu a ƙugu. Yakan ce ji yake kamar an sauke masa buhu. Bana da damina jiri ya ɗebe shi a gona, a asibiti aka ce hawan jini ne, suga ma ya ɗan hau, aka ɗora shi a kan ƙwaya ta kullum. Yanzu ya tubure wai tunda jini ne ya yi yawa, a zo a zuƙe shi kowa ya huta. Ni kuwa ban isa in ja da shi ba. Yaya zan yi?

Jikan Wanzamai:
Wa alaikumus salam. Ni da zabira na buɗe ido. Kakana da ƙahon saniya yake aiki: ya kafa, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ƙofar, fata ta taso, ya cire ya yi tsaga da aska, ya mayar. Ciwon baya, nauyin jiki, taurin wuya, waɗannan ake kawo mana, kuma mutane na jin daɗinsa. Amma ban taɓa jin tsohon nan ya ce wa kowa ya bar maganin likita ba. In Baba zai yi, ku sayo sabuwar reza da kanku, a ɓare a gabanku. Wanda ya ce askarsa gado ce ba ya canzawa, ku sallame shi da girma.

Anti Nas:
Ɗan'uwa, a ƙaramin asibitin karkara nake aiki, kusan kullum sai na ji wannan magana. Sunan cutar ne ke rikita mutane. Hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin da jini yake bugun bangon jijiya ne, sau da yawa saboda jijiyoyin sun yi tauri ko sun tsuke. Ɗan abin da ƙaho ya fitar, jiki zai mayar da shi, matsalar tana nan. Ga shi ciwon ba ya sallama, mutum na jin garau sai shanyewar ɓarin jiki ta faɗo masa.

Baƙin gudan da ake nunawa a ce mataccen jini ne, jini ne kawai da ya daskare a cikin ƙaho. Sannan mai suga rauninsa kan yi jinkirin warkewa, don haka a fara gwadawa kafin a tsaga shi. Ku duba ledar maganinsa ko akwai asfirin ko wani mai tsinka jini, ku gaya wa likitan. Batun reza kuma ba wasa ba ne: ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Shi kansa ƙahon a tsabtace shi, ko a nemi masu hijama da kofin roba na amfani ɗaya.

Almajirin Haɗeja:
Ƙaho dai ya tabbata. Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi, ya kuma biya mai yin ladansa. An ambaci 17, 19 da 21 ga watan Musulunci a matsayin ranakun da aka fi son yin sa. Amma shi ne kuma ya ce mu nemi magani. Kada ka je masa da "likita ya ce", ka biyo ta wajen limaminku.

Ɗan Gumel:
Na gode, Allah ya saka. Na bi ta wajen Liman, abokinsa ne tun na makarantar allo, ashe shi ma ƙwayar yake sha shekara uku bai gaya wa kowa ba. Baba ya yarda zai ci gaba da sha, da sharaɗin in gwajin suga ya yi kyau a yi masa ƙahonsa ranar 19 ga wata. Reza kuwa, ya ce in na je Maigatari ran Alhamis in sayo fakiti guda, har da na Liman.