Taƙaitawar muhawararmu kan makamin ƙwayoyin cuta

'Yan'uwa, zancen ko 'yan ta'adda za su iya amfani da ƙwayoyin cuta a matsayin makami ya yi tsawo. Ga abin da na tsinto:

1. Yawanci sun yarda haɗa irin wannan makami ba wasa ba ne. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta Japan, da kuɗinta da masananta, ta gwada kai hari da antaraks (wata muguwar cutar dabbobi da ke kama mutane) a 1993, ba ta kashe kowa ba. Wasiƙun da aka zuba wa ƙwayoyin antaraks a Amurka a 2001 kuwa sun kashe mutum 5.

2. Nan aka rabu. Wasu, musamman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, na ganin fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta na ƙara araha, haɗarin na ƙaruwa. Wasu suka ce ɗan ta'adda zai fi son bindiga, tunda cuta ba ta bambance maƙiyi da ɗan'uwa. Ni dai na fi karkata nan.

3. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta haramta irin waɗannan makamai ta fara aiki a 1975, amma ba ta da masu binciken da za su tabbatar ana bin ta.

4. Shawarar da babu musu a kanta: a yi wa yara da dabbobi rigakafi, a guji naman dabbar da ta faɗi ba dalili. In an ga baƙuwar cuta a unguwa, a garzaya asibiti, ko asibitin koyarwa na Shika, kafin a hau WhatsApp.