Robar cikin ƙafar bayan mashin ba ta daɗe mini, yaya kuke yi da taku?

Mai Boxer, Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan robar nan da ke tsakanin hob (ƙarfen tsakiyar ƙafar baya) da gidan sifiroket (faifan haƙoran da sarƙa ke ja), wadda wasu bakanikai ke kira robar dampa. Ba na daɗewa da sa sabuwa sai mashin ya koma fizga. In na ba shi wuta sai in ji ƙas daga baya, in na saki totur ma haka. Aikina ɗaukar buhunan masara ne daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Shin kaya ne ke cinye ta, ko robar ce ta zama ta banza? Wanda tasa ke daɗewa ya taimaka ya faɗa mana yadda yake yi.

Ɗan acaɓa, Gusau:
Wa'alaikumussalam. Malam, kafin ka zargi roba ka duba hannunka na hagu. Mu biyu ke hawa mashin ɗin maigidana, ni da safe, ƙanena da yamma. Da ni kaɗai nake hawa, robar kan kai ni har in canja sarƙa da sifiroket. Da yaron ya shigo, sai ta riƙa mutuwa tun sarƙa na da sauran ƙarfi. Na tsaya na kalli yadda yake tashi: ya murɗa totur, ya saki kuloci gaba ɗaya, ƙafar gaba har tana neman ɗagawa. Duk wannan dukan robar ce ke shanye shi. Da maigida ya ja masa kunne, sai muka ga bambanci.

Bakanike, Kaduna:
Gaskiyarka ɗan Gusau. Bari in ƙara da abin da nake gani in na kwance ƙafa. Robar da ta mutu don tsufa takan bushe ta tsattsage. Wadda kaya da fizga suka kashe takan lotse gefe ɗaya, gefen da injin ke turawa. Amma wadda na fi gani ita ce ta uku: ta kumbura, ta yi laushi, in ka murza ta da yatsa sai baƙi ya maƙale maka kamar kwalta. Wannan mai ne ya kashe ta. Mutum zai wanke sarƙa da fetur, ya bi ta da baƙin mai har yana ɗiga, man ya gangara bayan sifiroket ya shige hob. Wasu yaran gareji kuma in sabuwar roba ta ƙi shiga sai su shafa mata giris. Roba ba ta shiri da fetur, ba ta shiri da baƙin mai. In ta yi tauri wajen shiga, ruwan sabulu kaɗan ya isa, zai bushe ya bar ta a matse.

Ga yadda za ka gwada taka, Alhaji na Funtuwa. Ka kashe mashin ka ɗora shi a kan dabul sitan, wato jakin tsakiya mai ƙafa biyu, wani ya taka maka birkin baya, ka kama sifiroket da hannu ka juya gaba da baya. Ɗan motsi kaɗan ba komai. In yana tafiya yana dawowa da ƙara, roba ta gama. Sannan ka girgiza shi gefe da gefe. In ya yi lilo ta nan, boris ɗin gidan sifiroket ne ya tafi, kuma ko robar da ta fi kowace kyau ka sa, ba za ta daɗe ba, domin haƙoran gidan sifiroket da ke tura robar suna goga ta a karkace. Akwai kuma ɗan bututun ƙarfe da ke zama cikin boris ɗin nan. Ya sha faɗuwa a wurin mai faci, a ɗaure ƙafa babu shi, daga nan boris ya fara ci.

Mai Boxer, Funtuwa:
Allah ya saka da alheri, Oga. Na gwada yanzu, gefe da gefe ba ya motsi. Amma maganar fetur ta taɓa ni, haka yaron wankin mashin yake yi wa sarƙata.

Malamin makaranta, Maraɗi:
Ni dabarar da nake yi ita ce ta tsohon tiyub. In roba ta fara sakewa amma ba ta fashe ba, sai in yanko tiyub daidai faɗinta in cusa a gefen da ya lotse, ko wace ɗaya da nata, kauri ɗaya. Ƙarar takan ɗauke, ta ƙara mini lokaci mai kyau. A hanyar makarantarmu yashi ne, kuma ba kullum ake samun roba mai kyau a kusa ba.

Bakanike, Kaduna:
Malam, ina yi wa mutane haka, amma ga mai hawa shi kaɗai irinka. Wanda ke ɗora buhu biyu, tiyub ɗin yakan murɗe ya zame, gida ɗaya ya matse sauran su saki. Na taɓa kwance hob da aka yi ta yi wa ciko har roba ta ƙare, ƙarfe ya ci ƙarfe, bangon gidan robar ya karye. Kuɗin hob ya ninka na roba nesa ba kusa ba. Kuma in za a canja, a canja duka saitin, kada a haɗa tsohuwa da sabuwa.

Mai kai kaya, Kano:
Babu wanda ya yi maganar ɗaurin sarƙa. In ta saki da yawa, duk sanda ka ba da wuta sai ta fara tara gudu kafin ta finciki sifiroket. In an ɗaure ta tamau kuma, boris ne ke shan wahala, musamman in kaya suka danne baya. Ni ina barin wasan da ke tsakiyarta ya kai kamar santimita 2 zuwa 3, kuma ina sake dubawa da kaya a kai. Sai giya. Da kaya a hawa, kada a bar shi a giya huɗu injin na kakari yana tsalle-tsalle don wai a rage shan mai. A sauko giya biyu.

Ɗan acaɓa, Gusau:
Sai birki kuma. Wasu ƙafarsu ba ta barin birkin baya, ko a ɗaure shi har yana kamawa. Ka taɓa hob bayan tafiya, in ya yi zafin da ba ka iya barin hannu, to robar da ke ɗaya gefen tana gasuwa.

Mai Boxer, Funtuwa:
Na gode ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a kwance a wanke gidan da sabulu a shanya kafin a sa sabuwa, sarƙa kuma da kaina zan riƙa yi mata mai. Oga na Kaduna, in na je saya, ta yaya zan gane mai kyau a hannu?

Bakanike, Kaduna:
Ka danna ta da farce. Mai kyau za ta ɗan lotsa ta dawo. Wadda ta yi tauri ƙarau tana ƙyalli, ko wadda ka lanƙwasa ta nuna tsaga, ka ajiye musu. Ka tafi da tsohuwar a aljihu don a gwada girma, domin ta Jincheng da ta Boxer ba ɗaya ba ce.