Me ya sa wanda ya riga kowa isowa bai samu rawayar riga ba?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar muna zaune a fadarmu ana dafa shayi, sai wani ya kunna tseren kekuna na Tour de France a wayarsa. Mun ga wani ya tsallaka layi shi kaɗai yana ɗaga hannuwa, amma da aka zo karramawa sai aka sanya wa wani dabam rawayar riga, alhali a tsakiyar ayari ya iso. Gardama ta kaure har aka kira magariba. Ina roƙon masana su warware mana, su kuma gaya mana matsayin tsanwar rigar da Biniam Girmay ya ci.

Malamin Garin Malam:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tseren nan zango 21 ne cikin mako uku, kuma wanda kuka gani zangon ranar kaɗai ya ci. Rawayar riga kuwa lissafinta na lokaci ne, domin ana tara sa'o'i da daƙiƙun da kowa ya yi tun daga ranar farko, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne mai ita. Duk waɗanda suka iso a dunƙule lokaci ɗaya ake rubuta musu, saboda haka jagora ba ya wahalar da kansa wajen bin wanda ke bayansa da ratar sa'a guda a lissafi; idonsa yana kan mutum biyu ko uku da ke bin sawunsa. Chris Froome ya ci gasar 2017 ba tare da ya ci zango ko ɗaya ba, kuma a 1989 daƙiƙa 8 kacal suka raba Greg LeMond da Laurent Fignon. An fara sanya rigar a 1919, launinta kuwa an ce daga takardar jaridar L'Auto ne, wadda ta shirya gasar.

Mai Gyaran Keke na Kasuwar Dole:
Malam ya gama magana kan rawaya, bari in ɗora da tsanwa, wadda aka kawo a 1953. Ita maki ake tarawa, ba lokaci ba: a gasar 2024, misali, wanda ya ci zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya maki 50 yake samu, akwai kuma layi a tsakiyar zango mai ba da 20. Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a 2024 ya tafi da ita, ko da yake a lissafin lokaci yana can baya ƙwarai. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne dole mai gudun nan ya haye duwatsun Alps da Pyrenees cikin wa'adin da aka yanka, in ba haka ba a fitar da shi, makinsa ya bi ruwa. Wanda ya taɓa tuƙa keke da kaya ya hau tudu ya san ba wasa ba ne.

Ƴar Mirriya:
Yayyena, ni farar riga mai ɗige-ɗigen ja ce ban gamsu da ita ba. Ana kiran mai ita sarkin duwatsu, amma sau da yawa wanda ya fi kowa iya hawa shi ne mai rawaya, sai dai ba ya ɓata ƙarfinsa kan makin ƙananan tuddai, sai wani ya fice da wuri ya tsince su. A 2020 dai Tadej Pogačar ya haɗa rawaya da mai ɗige-ɗige da farar matasa ta waɗanda ba su kai shekara 26 ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai. To, idan mutum ɗaya ya riƙe biyu ana tsakiyar gasa, wacce zai sanya?

Malamin Garin Malam:
Zai sanya wadda ta fi daraja, wato rawaya, sai a ba na biyu a ɗaya lissafin aron ɗayar ya sa. Ka kuma faɗa wa ƴan fadarku cewa a gasar Italiya rigar jagora ruwan hoda ce, a ta Sifaniya kuma ja ce tun 2010, kada wata gardamar ta tashi a watan Mayu, lokacin gasar Italiya.