Bayan Macrium ya janye na kyauta: abin da masu gyara suka ce

Zancen ya taso ne a tsakanin masu gyaran kwamfuta kan Macrium Reflect, manhajar kwafar faifan kwamfuta don ajiya, ta wani kamfani na Manchester a Ingila, wanda ya daina sabunta samfurinsa na kyauta daga farkon 2024. Tambayar ita ce: a biya, ko a koma wani wuri?

Galibi sun ce tsohuwar tana aiki har yanzu, amma babu mai toshe mata ɓaraka. Mai kuɗi ya biya, ko ya duba Acronis, wata manhajar kwafi ta kuɗi. Marar kuɗi ga Clonezilla, kyauta ce, sai dai fuskarta duk rubutu ne, kuma idan ka rikita faifan da za a kwafa da wanda za a kwafa a kai, ka shafe aikinka da hannunka.

Inda aka fi daɗewa shi ne gwada kwafin. Wani dattijo ya ce shekara biyu yana kwafar faifansa duk Juma'a, ranar da kwamfutar ta mutu sai kwafin ya ƙi buɗewa. Shawararsa: ka haɗa filashin ceto tun yau, wato filashin da ke iya tada kwamfuta idan faifanta ya ƙi, ka tada kwamfutar da shi, ka dawo da fayil ko ɗaya ne ka gani da idonka. A ganina wannan ta fi duk sauran.

Sai ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. Kuma ka zare faifan waje bayan kwafi, domin manhajar garkuwa da fayiloli tana kulle duk abin da ta tarar a jone.