Yaya ake manna Pt100 a bayan fanel ɗin sola ya ba da zafi na gaskiya?

Mai_Inbata: Assalamu alaikum masana. Ana son auna zafin fanel a kan rufi da Pt100, sensa mai auna zafi, irin mai laushi da ake mannawa. Tazarar rufin da allon karatu mita 15 ce, waya biyu, kauri 0.5 mm². Wane gam ya dace, kuma a ina za a manna?

Injiniya_K: Wa alaikumus salam. Malam, kafin gam, wayarka ce matsalar farko. Pt100 filatinum ne, turjiyarsa (yadda yake tare gudun lantarki, wadda da ita ake gane zafi) ohm 100 a digiri 0, tana ƙaruwa da kusan ohm 0.385 a kowane digiri, haka ƙa'idar IEC 60751 ta tsara. Wayar tagulla mai 0.5 mm² tana da kusan ohm 0.034 a mita guda. Zuwa da dawowa mita 30 ke nan, wajen ohm 1. Na'urar karatu ba ta san na waya ba ne, sai ta ƙara maka digiri 2.7 na banza. Ko ka ja waya uku ko huɗu don na'urar ta cire turjiyar waya, ko ka koma Pt1000 mai ohm 1000 a digiri 0, inda wannan kuskuren zai sauka zuwa digiri 0.27. Idan MAX31865 kake amfani da shi, wato ƙaramin allon lantarki mai karanta irin wannan sensa, yana karɓar waya biyu, uku ko huɗu, amma duba rizistan da ke kansa: mai ohm 430 na Pt100 ne, mai 4300 na Pt1000.

Dattijon_Lab: Injiniya ya yi daidai. Ga batun mannawa.

Wuri shi ne rabin aikin. A bayan fanel, daidai tsakiyar sel guda (ɗaya daga cikin ƙananan murabba'an da ke samar da wuta), a tsakiyar fanel ɗin. Ba kusa da firam ba, domin alminiyom yana janye zafi, kuma ba kusa da akwatin haɗin waya ba. Ka goge wurin da sipirit ya bushe. Gam ya zama siriri ƙwarai, irin epoksi mai ratsa zafi. Idan ya yi kauri shi kansa ya zama bargo tsakanin sensa da fanel, karatu ya riƙa jinkiri. Danna daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita, kumfa ɗaya ƙarƙashinsa ta isa ta ɓata lissafi. Ɗora tef na Kapton, mai jure zafi, a kai har gam ya kama.

Abin da aka fi mantawa: waya tana ɗaukar zafi ta gudu da shi. Ka kwantar da santimita 10 na farko a jikin fanel, ka manne su, sannan ka ɗaure wayar yadda nauyinta ba zai ja sensa ba.

Supa gulu kuwa a bar shi. Da rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri fanel yakan haura digiri 60, zafi da danshin damina kuma suna sa supa gulun ya bushe ya tsage. Baƙin salatif na lantarki ma gam ɗinsa narkewa yake.

Mai_Inbata: Na gode Baba. A goge wurin da sanfefa tukuna? Kuma a rufe shi da soso?

Dattijon_Lab: A'a, duka biyun. Sanfefa mai lamba 320 ko 400 ta bututun ƙarfe ce. Fatar bayan fanel ita ke kare sel daga ruwa da wuta, kada ka karce ta. Soso ma na bututu ne, can ana rufe sensa don iska kada ta sanyaya shi. A fanel, soso zai hana wurin huce zafi, ka auna abin da ya fi sauran fanel ɗin zafi.

Injiniya_K: Kafin ka hau rufi, sa sensa a leda ka nutsa shi cikin dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, da cikakkiyar wayar da za ka yi aiki da ita. Ya nuna kusa da 0. Ana raba sensa aji-aji bisa daidaiton karatu: aji B an yarda masa kuskuren digiri ±0.3 a nan, a digiri 70 kuma ±0.65, aji A ±0.29 a 70. Lantarkin aunawa kada ya wuce 1 mA a Pt100, in ba haka ba sensa ya ɗumama kansa.